Idan Gemun Ɗan'uwanka Ya Kama Da Wuta: Sankarar Hanji Da Nauyin Da Ke Kan Dangi

Masu iya magana kan ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, to ka shafa wa naka ruwa. Galibi mukan jawo wannan karin magana ne idan ana batun siyasa ko wata fitina da ta auka wa maƙwabta, amma a yau ina roƙon mai karatu ya ba ni dama in ɗauke ta a kan ma'anarta ta fili. Ɗan'uwan da nake nufi shi ne na jini, wato wanda kuka fito ciki ɗaya, ko mahaifi, ko mahaifiya, ko ɗan da mutum ya haifa. Wutar kuwa ita ce sankarar babban hanji da dubura, wadda wasu ke kira kansar hanji, wasu kuma ciwon dajin hanji. Ruwan da ake so a shafa shi ne wani gwaji da likitoci ke kira kolonoskofi, wato leƙa cikin babban hanji da na'ura mai ɗauke da fitila da kyamara.

Abin da ya sa na ga ya dace in yi tsokaci a kan wannan batu shi ne, likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa duk wanda aka samu wannan ciwo a jikin danginsa na kusa, hatsarin kamuwarsa ya kai kusan ninki biyu na sauran jama'a, kuma yakan wuce haka idan majinyacin ya kamu yana da ƙuruciya, ko kuma an samu mutum fiye da ɗaya a gidan. Sun kuma tabbatar da cewa gwajin yana iya tare ciwon tun kafin ya kankama. Sai dai kash, bincike daban-daban da aka gudanar a Turai da Amurka da Ostireliya ya nuna cewa sau da yawa dangin da ke amsa kiran zuwa gwajin ba su kai rabi ba, har a ƙasashen da inshorar lafiya ke biyan kuɗin. To idan haka lamarin yake a inda ake da asibitoci birjik, ina ga mu?

Girman matsalar

Hukumar Binciken Sankara ta Duniya da ke birnin Liyon na ƙasar Faransa, wadda reshe ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutane fiye da miliyan 1.9 ne suka kamu da sankarar babban hanji da dubura, kuma fiye da 930,000 suka mutu sanadiyyarta. Ita ce ta uku a yawa cikin nau'o'in sankara, sannan ta biyu wajen kisa, sankarar huhu kaɗai ke gabanta. Ba ta duba arziki ko suna. Ita ce ta yi ajalin shahararren ɗan ƙwallon ƙafar nan na Barazil, Pele, a watan Disambar 2022 yana da shekara 82. Ita ce kuma ta ɗauke ɗan wasan fim na Amurka, Chadwick Boseman, a watan Agustan 2020 yana da shekara 43 kacal, bayan ya yi shekara huɗu yana fama da ita.

A da can an ɗauka cewa wannan ciwo na Turawa ne. Wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya rubuta a shekarar 1971 cewa da wuya ake ganin sa a tsakanin mutanen karkarar Afirka, ya kuma danganta hakan da irin cimarsu mai yawan dusa da ganye. To amma zamani ya juya. Cimar birane ta sauya, zama wuri ɗaya ya ƙaru, ƙiba da shan taba sun yawaita, kuma duk waɗannan suna cikin abubuwan da aka san suna ƙara hatsarin ciwon. A shekarar 2015 ma hukumar ta Liyon ta sanya naman da aka sarrafa a masana'anta cikin jerin abubuwan da ke haddasa wannan sankara.

A nan gida Nijeriya, wata ƙungiyar likitoci masu bincike mai suna ARGO, wadda aka kafa a shekarar 2013 bisa haɗin gwiwar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da cibiyar sankara ta Memorial Sloan Kettering da ke Niyok, ta yi shekaru tana bibiyar masu wannan ciwo. Abin da bincikenta ya nuna abu ne mai tayar da hankali. Majinyatanmu sun fi na Amurka ƙarancin shekaru, kuma mafi yawansu ba sa isa asibiti sai ciwon ya riga ya yi nisa. Wato dai ciwon yana cin magidanta da iyaye mata a daidai lokacin da iyali suka fi buƙatarsu.

Yadda ciwon ke farawa

Babban hanjin ɗan Adam ya kai kimanin mita ɗaya da rabi, kuma shi ne zangon ƙarshe da abinci ke bi kafin ya fita. Mafi yawan sankarar da ke kama shi takan fara ne da wani ɗan tsiro a jikin bangon hanjin daga ciki, wani lokaci bai fi ƙwayar wake ba. Wannan tsiro ba ya ciwo, ba ya hana cin abinci, ba ya hana zuwa kasuwa. Da yawa daga cikin irin waɗannan tsiro ba sa zama komai har mutum ya gama rayuwarsa, amma wasu sukan yi ta girma sannu a hankali, su ɗauki kimanin shekara goma ko fiye kafin su rikiɗe su zama sankara. Wannan dogon lokaci shi ne damar da ke hannun likita, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A shekarar 1969 ne wasu likitoci biyu a asibitin Beth Israel da ke Niyok, William Wolff da Hiromi Shinya, suka fara amfani da na'urar da ke iya duba babban hanji tun daga farkonsa har ƙarshe. Shinya ya ƙirƙiro wani zarge na siririyar waya da ake zurawa ta cikin na'urar a shaƙe tsiron a yanke shi nan take, ba tare da an tsaga ciki ba. Wannan ne ya bambanta kolonoskofi da yawancin gwaje-gwajen sankara, domin a zama ɗaya ake gano tsiron kuma a cire shi. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 2012, ya bibiyi mutane 2,602 da aka cire wa irin wannan tsiro har na tsawon kusan shekara 16, ya kuma gano cewa mutuwa sanadiyyar sankarar hanji a tsakaninsu ta ragu da kashi 53 cikin 100 idan aka kwatanta da abin da ake tsammani a sauran jama'a.

Ko da ma an tarar ciwon ya riga ya fara, lokacin da aka gano shi ne ke raba gardama. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan aka kama shi tun yana cikin bangon hanji bai fita ba, kimanin mutum 90 cikin 100 na raye bayan shekara biyar. Idan kuwa ya riga ya tsallaka zuwa hanta ko huhu, waɗanda ke kai wannan lokaci ba su wuce kimanin 15 cikin 100 ba.

Su wane ne dangi na kusa?

A lissafin likitoci, dangi na matakin farko su ne uwa, da uba, da 'ya'ya, da 'yan'uwa shaƙiƙai da aka haɗa uwa da uba. 'Yan uba, da waɗanda aka haɗa uwa kaɗai, da kakanni, da baffanni, da kawunnai, da gwaggonni da innoni, su suna mataki na biyu, hatsarinsu bai kai na farko ba amma likita zai so ya ji labarinsu. Wannan bayani yana da muhimmanci a gidajenmu masu mata fiye da ɗaya. Idan maigida ne ya kamu, to dukkan 'ya'yansa na kowane ɗaki danginsa ne na matakin farko, babu bambanci tsakanin ɗakin uwargida da na amarya.

Ƙungiyoyin likitocin ciki na Amurka sun fitar da ƙa'ida a 2017 wadda ake yawan kafa hujja da ita. Idan ɗan'uwa na matakin farko ya kamu kafin ya cika shekara 60, ko kuma mutum biyu suka kamu ko da shekarunsu nawa ne, to sauran su fara kolonoskofi suna da shekara 40, ko kuma shekara goma kafin shekarun da aka gano ciwon a jikin mafi ƙanƙantar majinyatan, duk wanda ya riga zuwa, sannan su maimaita duk bayan shekara biyar. Alal misali, idan an gano ciwon a jikin uba yana da shekara 45, 'ya'yansa da ƙannensa za su fara suna da 35. Idan kuwa uwa ce aka gano nata tana da 56, to za su fara suna da 40. Idan majinyacin ya haura 60, dangi su fara gwaji suna da 40 ta irin hanyoyin da ake bi wa sauran jama'a. Ƙasashe sun ɗan bambanta a kan waɗannan shekaru, amma duk sun haɗu a kan cewa dangi ba za a auna su da mudu ɗaya da kowa ba. Su sauran jama'a, Amurka ta sauko da shekarun fara gwajinsu daga 50 zuwa 45 a shekarar 2021, saboda yadda ciwon ke ƙaruwa a tsakanin masu ƙananan shekaru.

Tarihi ma ya ba mu misali daga Fadar White House. A watan Yulin 1985 an yi wa Shugaba Ronald Reagan tiyata aka cire wani sashe na babban hanjinsa mai ɗauke da sankara, kuma a wannan shekarar yayansa Neil shi ma an yi masa tiyatar irin wannan ciwo. Shugaban ya rayu har zuwa 2004, ya mutu yana da shekara 93 da wani ciwo daban.

Akwai kuma gidajen da ciwon ke bin jininsu kai tsaye ta hanyar ƙwayar gado guda ɗaya da ta samu tangarɗa. A shekarar 1895 wata mata mai ɗinki ta shaida wa wani likita a Jami'ar Mishigan, Aldred Warthin, cewa tana fargabar sankara ce za ta kashe ta domin ita ce ta ƙarar da danginta. Likitan ya bi salsalar gidan ya buga sakamakon a 1913, ita kuma matar sankarar mahaifa ce ta yi ajalinta. A 1966 Dokta Henry Lynch ya sake gano irin waɗannan gidaje, shi ya sa a yau ake kiran matsalar da sunansa. Larurar Lynch ce ke haddasa kimanin kashi 3 cikin 100 na sankarar hanji, kuma an ƙiyasta mutum ɗaya cikin kusan 300 na ɗauke da ita, yawancinsu ba su sani ba. Duk ɗan da mai ita ya haifa yana da rabin yiwuwar gadon ta. Mai karatu ya auna da kansa abin da wannan ke nufi ga magidanci mai 'ya'ya ashirin. Masu wannan larura ana shawartar su fara kolonoskofi tun suna tsakanin shekara 20 zuwa 25, su riƙa maimaitawa duk shekara ɗaya ko biyu, matansu kuma a sa ido a kan mahaifa.

Wani bincike da aka yi a ƙasar Finlan, wanda aka buga a shekarar 2000, ya isa darasi. An bibiyi dangi daga gidaje 22 masu wannan larura na tsawon shekara 15. Mutum 133 sun riƙa yin gwajin duk bayan shekara uku, 119 kuma ba su yi ba. A cikin masu gwajin, mutum 8 suka kamu, kuma ko ɗaya bai mutu da ciwon ba. A cikin waɗanda ba su yi ba, 19 suka kamu, 9 suka mutu da shi. Jini ɗaya ne, gidaje ɗaya ne, bambancin kawai wasu sun je asibiti wasu sun zauna.

Me ke hana dangi zuwa?

Matsalar ƙin amsa gayyata ba ta tsaya ga dangi kaɗai ba. A wani gagarumin bincike da aka buga a 2022, wanda ya ƙunshi mutane fiye da 84,000 masu shekara 55 zuwa 64 a Folan da Nowe da Suwidin, kashi 42 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka gayyata suka je. Saboda haka raguwar ciwon a tsakanin dukkan waɗanda aka gayyata ta tsaya a kashi 18 cikin 100, alhali masu binciken sun lissafa cewa da kowa ya amsa, da ta kai kashi 31. Gwajin da ba a je an yi ba, ba ya ceton kowa.

A nawa nazarin, dalilin farko da ke hana dangi shi ne rashin sani, kuma tushensa shiru ne. Ƙa'idar aikin likita ta hana shi tona asirin majinyaci ga wani ba da izininsa ba, don haka nauyin isar da saƙo yakan faɗa kan majinyacin, mutumin da a lokacin yake fama da tiyata da allurai da tunanin makomar iyalinsa. A wajenmu abin ya fi haka tsanani. Na sha jin ana cewa wane ya rasu bayan doguwar jinya, ko ciwon ciki ne ya kashe shi, ko kuma a ce jifa ne ko sammu. A wasu gidajen ma shi kansa majinyacin ake ɓoye wa sunan ciwon don kada hankalinsa ya tashi. A wasu kuma ana gudun kada a ji a gari a ƙi auren 'ya'yan gidan. Ta haka sai ɗa ya girma ya kai shekara 40 bai taɓa sanin abin da ya kashe mahaifinsa ba, balle ya faɗa wa likita.

Dalili na biyu shi ne kunya. Gwajin ta dubura ake yin sa, kuma Bahaushe mutum ne mai alkunya, ko sunan wurin ba ya son ambata. Kunya ado ce, babu musu, amma ai ana wanka ba a ɓoye cibi. Matan da ba sa son namiji ya duba su suna da haƙƙin tambaya ko akwai likita mace, su kuma nemi ma'aikaciyar jinya ta tsaya tare da su.

Na uku shi ne tsoro, na gwajin da na sakamakonsa. Wanda ya ga yadda ɗan'uwansa ya rame, aka rataya masa jakar bayan gida a gefen ciki, sau da yawa yakan ce gara kada ya sani. Wani kuma ya ce ai abin da zai faru zai faru. To amma wanda ya yarda da ƙaddara bai daina kulle shagonsa da dare ba, bai kuma daina kai yaronsa allurar rigakafi ba. Neman lafiya yana cikin riƙo da sababi, kuma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Na huɗu shi ne cewa lafiyata ƙalau, me zai kai ni asibiti? Na riga na bayyana cewa tsiron ba ya ciwo. Idan kuma alama ta bayyana, sai a kira ta da wani suna. Jini a bayan gida sai a ce basir ne ko atini, a nufi mai maganin gargajiya ko mai tallar magani a mota da lasifika, a yi wata shida ana shan jiƙo. Basir gaskiya ne, kuma shi ne ya fi yawan jawo zubar jini, amma babu mai iya bambance shi da sankara daga waje sai an duba.

Na biyar, wanda ba za a kau da kai daga gare shi ba, shi ne kuɗi da nisa. A ƙasarmu na'urorin da ƙwararrun sun taru ne a asibitocin koyarwa da wasu asibitocin kuɗi na manyan birane, kuma yawancin mutane daga aljihunsu suke biya. Gidan da ya sayar da gona da shanu wajen jinyar mutum ɗaya, da wuya a ce masa ya sake fito da kuɗin gwajin mutum biyar masu lafiya.

Yadda gwajin yake

Tun da gani ya kori ji, bari in bayyana abin da ke faruwa. Kwana ɗaya kafin gwajin mutum zai bar abinci mai nauyi ya koma ruwa-ruwa, sannan ya sha maganin wankin ciki da asibiti za su rubuta masa, wanda zai sa shi zawo har hanjin ya fita tas. Yawancin waɗanda suka yi sukan ce wannan ne ɓangaren da ya fi wahala. Ranar gwajin zai kwanta ta gefen hagu, a yi masa allurar da ke rage zafi da sa gyangyaɗi, sannan likita ya zura wani siririn tiyo mai lanƙwasa, mai kaurin ɗan yatsa, yana kallon cikin hanjin a allon talabijin. Aikin yakan ɗauki kimanin rabin awa zuwa awa ɗaya, kuma a ranar mutum ke komawa gida, sai dai ya zo da wanda zai raka shi domin ba a so ya yi tuƙi. Hatsari akwai shi, kamar zubar jini bayan cire tsiro ko hujewar hanji, amma hujewar ba ta kai mutum ɗaya cikin dubu ba a gwajin masu lafiya. Mai ciwon suga ko ƙoda, ko mai shan maganin tsinka jini, lallai ya shaida wa likita tun kafin ranar.

Akwai kuma gwajin bayan gida mai gano ɓoyayyen jini, wanda ya fi sauƙi da arha. Da irinsa Ingila ta fara shirinta na ƙasa a 2006, inda ake aika wa mutane kayan gwajin ta gidan waya duk bayan shekara biyu. Yana da amfani sosai ga sauran jama'a, kuma ga wanda ba shi da halin kolonoskofi ya fi zama haka nan. Amma idan ya nuna jini dole a ƙarasa da kolonoskofi, kuma ga gidajen da ke da babban hatsari ba ya maye gurbinsa.

Abin da ke motsa mutane

Ƙwarewar wasu ƙasashe ta nuna cewa ana iya fasa wannan shiru. Katie Couric, 'yar jaridar gidan talabijin na NBC a wancan lokaci, ta rasa mijinta Jay Monahan a 1998 yana da shekara 42 sanadiyyar wannan ciwo. A watan Maris na 2000 ta yarda aka ɗauki gwajinta aka nuna wa miliyoyin masu kallo, kuma masu bincike sun gano cewa yawan masu yin gwajin ya ƙaru da kimanin kashi 20 cikin 100 a watannin da suka biyo baya. A Jamus kuwa, mutuwar Felix Burda a 2001 yana da shekara 33 ta sa iyayensa suka kafa gidauniya da sunansa a birnin Munik, wadda ta duƙufa wajen wayar da kan jama'a, musamman a kan tarihin ciwon a cikin dangi. A watan Oktoban 2002 Jamus ta shigar da gwajin cikin abubuwan da inshorar lafiya ke biya wa masu shekara 55 zuwa sama. Tun kafin waɗannan, asibitin St Mark's da ke Landan ya buɗe rajista a 1924 domin bin sawun gidajen da ke gadon wata larura mai fitar da ɗaruruwan tsiro a hanji tun daga ƙuruciya, yana kiran 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya a duba su. Haka kuma bincike da dama ya nuna cewa babu abin da ya fi tura ɗan'uwa zuwa gwaji kamar likita ya ce masa kai tsaye ka je ka yi.

Ina mafita?

Kirana na farko ga majinyata ne da masu jinyarsu. Ku tambayi likita ainihin sunan ciwon, ku karɓi takardar sakamakon ɗakin gwaje-gwaje ku adana, ku rubuta shekarun da aka gano shi, sannan ku tara 'ya'ya da ƙanne da yayye ku faɗa musu. Idan nauyin baki ya hana, a wakilta babban wa ko gwaggo da ake jin maganarta. Mu mutane ne masu zumunci, mukan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita don gaisuwar mutuwa. Wannan zumuncin ya fi amfani idan aka yi shi tun mutum yana raye.

Na biyu ga dangi. Duk wanda ya san an yi wannan ciwo a gidansu, ya yi lissafin shekarunsa yau, ya je ya ga likita ya faɗa masa. Idan kuɗi ne matsala, yadda ake haɗa gudummawar biki haka za a haɗa ta gwaji, a fara da waɗanda shekarunsu suka kai. Wanda kuma ya ga jini a bayan gidansa, ko yanayin bayan gidan ya sauya na makonni, ko yana rama ba dalili, ko an ce jininsa ya yi ƙasa, ko ciwon ciki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, to kada ya jira wata shekara ta cika, ko da yana ɗan 25.

Na uku ga likitocinmu. Kada a sallami mai sankarar hanji ba tare da an tambaye shi yawan 'ya'yansa da 'yan'uwansa ba. A ba shi takarda da Hausa, ta boko ko ta ajami, wadda zai kai gida, a kuma nemi izininsa a ɗauki lambobin wayar dangi ma'aikaciyar jinya ta kira su. Wannan ba ya buƙatar sabuwar na'ura, littafin rajista da mutum ɗaya mai himma sun isa a fara.

Na huɗu ga hukuma. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga 'yan Nijeriya, sannan akwai Cibiyar Bincike da Maganin Sankara ta Ƙasa wadda aka yi dokar kafa ta a 2017. Ƙasa irin tamu ba za ta iya leƙa hanjin kowa ba a yanzu, to hankali ya nuna a fara da waɗanda suka fi kusa da hatsari, wato dangin majinyata. A sauƙaƙa musu kuɗin gwajin, a horar da ƙarin likitoci, a kai na'urori manyan asibitocin jihohi. Kuɗin cire tsiro ɗaya bai kama ƙafar kuɗin tiyata da allurai da gashin sankarar da ta bunƙasa ba.

Daga ƙarshe, ina kira ga gidajen rediyonmu, da malamai, da sarakuna iyayen ƙasa, da su ba wannan batu muhimmancin da suka ba shan inna da cutar sikila. Ba da daɗewa ba gwajin jini kafin aure baƙon abu ne a wajenmu, yau ga shi ya zama ruwan dare a garuruwa da dama saboda an yi ta faɗa ba a gaji ba. Tambayar da nake so kowane mai karatu ya kai gida ita ce, me ya kashe wane a gidanmu, kuma yana da shekara nawa? Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.